Milo, Bournvita, Ovaltine ko haɗin gida: wanne ya fi karɓar ƙanƙara?

A gidanmu da ruwan zafi aka san kayan shayi, da safe, da burodi. Sai wata bazara cikin watan Afrilu, irin zafin nan da ko fanka ta juya iskar murhu take kawowa, autana ya dawo daga Islamiyya yana tsiyayar zufa ya ce, "Umma, yau shayin sanyi nake so." Na ɗauko madarar da na dama tun safe daga firji, na cika kofin gilashi, na antaya gari cokali uku, na juya. Garin ya ƙi nutsewa. Ya dunƙule ya zama gudaji yana yawo a sama, duk wanda ka murƙushe da bayan cokali sai ka tarar cikinsa a bushe ƙamas. Na jefa ƙanƙara don in rufa wa kaina asiri. Kafin yaron ya cire kayan makaranta abin ya zama tsararo, launin ruwan kwata, laka ta kwanta a gindin kofi. Ya kurɓa sau ɗaya ya ajiye, ya ce, "Umma, na gode." Duk uwa ta san ma'anar irin wannan godiyar.

Tun daga ranar na shiga gwaji, gwangwani bayan gwangwani, madara bayan madara. Abin da na gano shi ne gardamar da ake yi a kan sunan gwangwani ta fi ƙarfin bambancin da ke tsakaninsu. Akwai bambancin, zan kuma faɗe shi, amma wanda ya iya dami zai yi abin kirki da kowanne, wanda bai iya ba kuwa ko mafi tsada aka ba shi sai ya yi asararsa.

Duka ukun, Milo da Bournvita da Ovaltine, dangi ɗaya ne. Abu huɗu ne ginshiƙinsu: tsiron hatsi, garin koko, madara da sukari. Koko a nan ba na ƙosai nake nufi ba, na cakulan nake nufi, wanda ake nomawa a Ondo da Kuros Riba, wanda Kwaddibuwa da Ghana suka fi kowa nomansa a duniya. Tsiron hatsin kuwa, wanda ake rubuta malt a jikin gwangwani, ba baƙonmu ba ne. Duk macen da ta taɓa yin kunun zaƙi da tsiro ta san aikinsa: a jiƙa hatsi, a rufe shi har ya fara fitar da baki, a shanya, a niƙa, in an zuba shi cikin damammen ƙullu sai kunun ya saki ya yi zaƙi ba tare da ƙwayar sukari ko ɗaya ba. Sinadarin da ke farkawa a cikin ƙwayar hatsi lokacin tsirowa ne yake narkar da sitaci ya mai da shi sukari. Wannan ƙamshin mai kama da na gasasshen hatsi shi ya raba waɗannan abubuwan sha da cakulan zalla. Ga masu tambaya kuma, tsiro ba giya ba ne. Sai an sa masa yis an bar shi ya ruɓa kafin maye ya shigo, kuma ba a bin wannan hanyar wajen yin kayan shayi.

Ovaltine ne babban yaya. A birnin Bern na ƙasar Suwizalan aka fara sayar da shi a 1904, aikin Dakta Albert Wander, da sunan Ovomaltine, saboda har da ƙwai a haɗinsa na asali. Da ya tsallaka Ingila a 1909 sunan ya gajarce. Bournvita na kamfanin Cadbury ne, ya samo sunansa daga Bournville, unguwar da masana'antarsu take a birnin Birmingham na Ingila, kuma tun shekarun 1960 ake yin sa a Najeriya, a Ikeja. Milo shi ne auta: wani masanin haɗa sinadarai mai suna Thomas Mayne ya ƙirƙiro shi wa Nestlé a Ostireliya a 1934, aka raɗa masa sunan wani shahararren ɗan kokawar Girkawan da. Abin da ya fi burge ni a tarihinsa shi ne na nan gida. A Turai da sha'ir ake yin tsiro, amma da gwamnatin Najeriya ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, masana'antu suka koma ga dawa. Yau tsiron Milon da ake yi a Agbara ta jihar Ogun na dawa ne, irin wadda manomanmu na Arewa suke nomawa. Wato dawarmu ce ta je Kudu ta sa koren gwangwani ta dawo mana da tsada.

Wannan ma ya sa kada wadda ta sha Milo a wata ƙasa ta yi rantsuwa a kan namu. Kowace ƙasa da irin haɗinta, laushin garin da yawan zaƙinsa ba ɗaya ba ne.

To, a cikin sanyi yaya kowanne yake?

Sanyi yana dakushe harshe. Abin da ya yi zaƙi daidai yana da zafi, in ya yi sanyi sai ki ji kamar an rage masa sukari, ƙamshinsa ma ya ja baya. Saboda haka abin da ake nema a nan shi ne garin da ɗanɗanonsa zai jure sanyi ya kuma jure ruwan ƙanƙara.

A bakina Milo ya fi daidaita tsakanin ƙamshin tsiro da na cakulan, kuma shi ya fi riƙe kamanninsa bayan ƙanƙara ta fara narkewa. Yana da wata baiwa da sauran ba su kai shi ba: in aka barbaɗa busasshensa a saman kofi yakan tsaya yana ƙurus-ƙurus a baki na ɗan lokaci. A Singafo da Maleshiya har suna aka ba wannan haɗin, Milo Dinosaur, wato Milo mai ƙanƙara da aka tula wa busasshen gari a kai kamar tsibi. In aka ɗora askirim kuma sai ya koma Milo Godzilla. Abin da na ɗauka aibi ne ranar da na yi wa autana, can ado ne, sai dai su sun fara dama na ƙasan yadda ya kamata kafin su tula na saman.

Bournvita ya fi duhu a kofi, ɗanɗanonsa ya fi karkata ga cakulan da ƙonannen sukari, kuma ni dai ya fi yi mini zaƙi. Da zafi yakan ginshe ni in na sha kofi biyu, amma a sanyi wannan zaƙin ya zama riba, domin ba ya buƙatar ƙarin sukari ko kaɗan. Ƙwayoyinsa manya ne, don haka kada ki yi gangancin zuba shi kai tsaye a ruwan sanyi, zai gangara ƙasa ya zauna yana jiran cokali. Yara sun fi son sa. In taron suna ne ko walimar sauka, inda ƙanana suka fi yawa, shi zan ɗauka.

Ovaltine na manya ne. Tsiro ya rinjayi koko a cikinsa, ƙamshinsa na hatsi ne sosai, launinsa ya fi haske. Surukata, wadda ba ta son abu mai zaƙi, shi kaɗai take karɓa, takan ce, "'Yar nan, wannan ya fi kama da abinci." Rauninsa shi ne ƙanƙara tana saurin cinye shi. In za ki yi da shi, ki ƙara cokali ɗaya a kan yadda kika saba, ko ki tallafa masa da rabin ƙaramin cokali na garin koko zalla, sai ya tsaya da ƙafarsa.

Akwai hanya ta huɗu, wadda na fi dadewa a kanta domin ita ce ta ba ni iko a kan sukari: haɗin gida. Garin koko zalla, wanda masu yin kek suke saye, babban cokali ɗaya, da Horlicks babban cokali biyu, da sukari ƙaramin cokali ɗaya ko biyu, da ɗan gishiri abin da yatsu biyu za su tsinka. Horlicks madara ce da tsiron sha'ir da alkama, na asalinsa ba koko a ciki, wasu 'yan'uwa biyu 'yan Ingila da suka zauna a Amurka ne suka fito da shi tun ƙarni na 19. In kin haɗa shi da koko kin sami abin da ya fi duk na gwangwani ƙarfin cakulan, da ɗan ɗaci mai daɗi a ƙarshen harshe. Gishirin nan kada ki raina shi, shi yake fito da zaƙi ya danne ɗacin. Wadda ba ta son farin sukari tana iya jiƙa dabino uku ko huɗu ta markaɗa ta tace, yana tafiya da tsiro kamar an halicce su tare.

Na taɓa cewa bari in yi tsiron da kaina, tunda dai dawa ce. Na jiƙa, na rufe da jiƙaƙƙen buhu kwana uku ina yayyafa ruwa safe da yamma, na shanya, na murje, na soya sama-sama, na kai niƙa. Ƙamshin ya yi, amma garin ba ya narkewa, sai ki ji tsaki-tsaki a maƙogwaro komai tankaɗe. Dalili shi ne abin da kamfani yake sa wa a gwangwani ruwan tsiro ne da aka tace aka busar, ba niƙaƙƙen hatsi ba. In kina son ki kusanci nasu sai kin bi hanyar kunun zaƙi, ki tace ruwan, ki dafa shi har ya yi kauri kamar zuma, aikin wuni guda ke nan. Kuma akwai gargaɗi: ɗanyen tsiron dawa, bakin da saiwar, yana ɗauke da guba, irin wadda take kashe dabbar da ta ci gyauron dawa. Dole a busar da shi sarai, a murje bakin da saiwar a sheƙe su, sannan a dafa. In ya yi fumfuna kuwa a zubar. Wadda ba ta saba ba ta yi da gero ko alkama, ko ta haƙura ta sayi na kanti. Ni dai sau biyu na yi na sallama.

Ta fuskar kuɗi, haɗin gida ba lalle ya fi araha a ranar saye ba. Koko ya yi tashin gwauron zabo a 2024, har tan ɗaya ya haura dala 10,000 a kasuwar duniya, kuma duk abin da ke da cakulan a ciki ya ji a jikinsa. Sai dai garin koko zalla yana da auki, cokali ɗaya yana yin aikin da cokali uku na gwangwani suke yi wajen launi da ɗanɗano. Wadda kuma gwaji kawai take so ta yi, ta sayi 'yan ƙananan leda na kowanne a shagon unguwa ta jera kofi uku, sai an gwada akan san na ƙwarai.

Yanzu maganar da ta fi sunan gwangwani muhimmanci. Garin koko yana da maiƙo, maiƙo kuwa ba ya shiri da ruwan sanyi, shi ya sa gudaji. Maganinsa ruwan zafi kaɗan. Ki zuba garinki babban cokali uku a kofi, ki sa tafasasshen ruwa babban cokali uku ko huɗu, ki kwaɓa har ya zama sumul kamar kwaɓin lalle. In da sukari, a nan zai shiga, don shi ma ba ya narkewa da daɗin rai a sanyi. Wannan kwaɓin shi ne gaba ɗayan sirrin. Kada ruwan zafin ya yi yawa, domin duk zafin da kika zuba ƙanƙararki ce za ta biya.

Sai madara. Ta gari ita ce a hannun kowa, amma iri biyu ce, kuma manyan kamfanoni irin masu yin Peak da Dano suna yin duka biyun, don haka suna kaɗai ba zai gaya miki ba sai kin karanta jikin leda. Wadda aka rubuta wa "full cream" da man nononta take. Wadda aka rubuta wa "filled" an cire mata man nono an mayar da man tsirrai, ita ce mai sauƙin kuɗi. A shayi mai zafi da wuya ki bambance su, a sanyi kuwa bambancin yana fitowa fili: ta farkon tana da gardi, ta biyun takan bar mini wani ɗan santsi a dasashi. In aljihu ya yarda, ta farkon. Babban cokali uku a ruwa kamar mililita 150, a dama da ruwa mai ɗumi tun da wuri a sa a firji. Da gangan na rage ruwan, domin ƙanƙara za ta cike gurbin.

Madarar ruwa ta gwangwani, wadda mai shayi yake hudawa da wuƙa, an ƙafar da fiye da rabin ruwanta a wuta, shi ya ba ta wannan launin da ɗanɗanon dahuwa. Tana dacewa da tsiro ƙwarai, kuma da ita ake samun abin da masu shayi suke kira haɗin kauri. Rabin ƙaramin gwangwani ya isa kofi ɗaya, a cika da ruwan sanyi. Akwai kuma mai kaurin nan mai danƙo da aka cika wa sukari, wadda 'yan Maleshiya suke yin nasu da ita. Daɗi kam ba a magana, amma kusan rabinta sukari ne, in kin sa ta kada ki ƙara komai, kuma kada ki haɗa ta da Bournvita sai in kina neman ginsa. Ɗanyar madarar shanu ta rugar Fulani ta fi duka daɗi in an samu, da sharaɗin a tafasa ta a huce, domin ɗanya tana iya ɗauke da tarin fuka da wasu cututtukan dabbobi. Kindirmo kuwa a bar shi wa fura, tsaminsa da koko ba sa ga maciji.

Wajen haɗawa, bilenda tana ba da kumfa mai kyau, in akwai wuta. Sai dai ƙananan bilenda ba sa jure dunƙulen ƙanƙara, na karya haƙoran ɗaya kafin na koyi naɗe ƙanƙarar a tsabtataccen ƙyalle in farfasa da taɓarya. In babu wuta, gora mai murfi ta wadatar: a zuba kwaɓin da madarar, a bar sarari kamar kashi ɗaya cikin uku, a rufe a girgiza da ƙarfi kamar minti ɗaya. Kumfar da take fitowa ba ta da maraba da ta bilenda, kuma yara suna rububin wannan aikin. Maburgi ma yana yi. Ko ki sheƙa shi tsakanin kofi biyu kamar yadda mai shayin bakin titi yake yi, in kin yarda da saitin hannunki.

Ƙanƙara ita ce inda aka fi yin asara. Cikin azumi, in wuta ta yi kwana biyu ba ta leƙo ba, kowa ƙanƙarar leda yake saye a bakin hanya, ba wanda ya san da wane ruwa aka yi ta. Na taɓa sayen wata da na jefa a jug guda na haɗin da na ɓata madara rabin gwangwani a kansa, ashe a firizar da aka daskarar da ita har da kifi. Ƙarnin ya kama komai, ko almajirin da na miƙa wa sai da ya shinshina ya dube ni. Tun daga nan ƙanƙarar waje ba ta shiga cikin abin shana. Nakan zuba haɗin a gora in binne ta cikin kula tare da ƙanƙarar, ta sanyaya shi daga waje. Minti talatin zuwa arba'in ya yi sanyi ƙalau, kuma ba ɗigon ruwa da ya ƙaru. In wuta ta samu, abin da ya fi shi ne ki ɗebi kaɗan daga haɗin kansa ki zuba a farantin ƙanƙara ya daskare. In ya narke a kofi, abin sha ne yake narkewa cikin abin sha, kurɓar ƙarshe daidai take da ta farko.

Abin madara ba ya son jira. Ƙa'idar masana tsabtar abinci ita ce kada ya wuce awa biyu a waje, in zafi ya haura digiri 32 kuwa awa ɗaya, mu kuma bazararmu tana wuce 40. Wanda aka haɗa don buɗa-baki a haɗa shi bayan la'asar ya zauna cikin kula, kada a dama tun hantsi. Wanda ya daskare ya narke ya kwana a firjin da ba wuta, a zubar, kada a ce za a sake daskararwa.

Sai sukari, wanda ba na son in yi wa'azi a kansa amma dole in faɗa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin yini, wato kamar giram 50 ga babban mutum, ƙaramin cokali 12, in an tsaya a rabin haka ma ya fi. Duka na gwangwanin nan da sukarinsu suke zuwa, kuma tunda sanyi yana ɓoye zaƙi, hannu yakan zarce. Ki duba jerin kayan haɗi a bayan gwangwani, abin da ya fi yawa shi ake fara rubutawa. Mai ciwon sukari a gida, haɗin koko zalla ne kaɗai zai ba ki damar auna abin da ya shiga, shi ma tsiron da dabinon zaƙi ne, sai da shawarar likitansa. Jariri da bai shekara ba kuwa babu ruwansa da wannan kofin.

In aka ce in zaɓi ɗaya in ajiye a kanta don shan sanyi, Milo zan ɗauka, da madarar gari mai man nononta, in kwaɓa da ruwan zafi, in girgiza a gora. Bournvita na ranar da gida ya cika da yara, Ovaltine da ɗan ƙarin koko na surukata, haɗin gida kuma nawa ni kaɗai bayan kowa ya kwanta. Maigidan ya ce shi duk ɗaya ne a wurinsa muddin akwai sanyi, amma na lura in madarar gwangwani ce kofinsa ba ya saura.

Autan kuwa yanzu shi yake haɗa nasa. Yakan yi kwaɓin daidai, ya girgiza gorar har sai na ce ya isa, ya juye a kan ƙanƙarar haɗin, sannan ya faki idona ya tula busasshen gari cokali biyu a sama. Da cokali yake fara cinye tsibin kafin ya kai kofin baki, gwangwanin da yake yi mana wata guda yanzu da ƙyar yake ganin sati uku.